Ranar da Na'urar Asibiti Ta Ƙi Tashi

"...Lafiya ƙalau, alhamdu lillahi. Ya Gwaggo? Ya ƙarfin jikinta?"

"Tana nan lafiya, ga ta can tana gyaran wake. Ni fa? Ni ba za a tambayi lafiyata ba?"

"Kai a wa? Mutumin da akuya ta kayar a tsakiyar kasuwa? Ai labarin akuyar nake son ji. Ta samu sauƙi?"

Ukasha ya ɗauke wayar daga kunne ya harare ta, kamar Zubaida na ciki tana ganinsa. Zaune yake a kan tabarma a ƙarƙashin rumfar gidansu a Kafin Maiyaki, ƙafar dama a miƙe kan matashi an ɗaure ta da karan ɗori, kwamfutarsa a kan ɗaya cinyar. Makon jiya akuya ta gifta masa yana kan babur, ya kauce mata, ya faɗa kwata. Mai ɗori ya ce kada ya kuskura ya taka ƙafar nan sai da izininsa.

Zubaida 'yar kawunsa ce, shi ɗan gwaggonta, wato taubasai. Tun suna yara, lokacin da ake tara su hutu a gidan kakanninsu a Burumburum, ba a taɓa ganin sun gaisa sun rabu salin-alin ba. Yanzu ita ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibitin al'umma can bayan Doguwa, shi kuma sana'arsa kula da kwamfutocin irin waɗannan ƙananan asibitoci. A asibitin su Zubaida akwai wata babbar na'ura a ɗan ɗaki kusa da ma'ajiyar magani, wadda su Ukasha ke kira sabar. Duk bayanan marasa lafiya a cikinta suke: masu awon ciki, yaran rigakafi, masu hawan jini. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita ta tsufa, kullum sai ta sume ana tsakiyar aiki. Da ƙafarsa ƙalau, da ya hau mota ya je ya ɗora mata sabuwa da hannunsa. Da yake babu hali, sai ya aika wa Zubaida filash, ɗan abin ajiyar bayanai mai ɗauke da sabuwar manhajar, ta hannun Habu direba, ya ce ta soka a jikin na'urar ranar Lahadi da ba cinkoso, shi zai shiga ta intanet daga inda yake ya yi sauran.

Haka aka yi. Tun hantsi yake ta aiki. Da ya gama ya tura mata saƙo cewa ta kashe, ta zare filash, ta sake kunnawa. Ga shi har an idar da azahar yana ta ƙwanƙwasa wa na'urar daga nesa, shiru. Gobe kuma Litinin, ranar awo.

"Zubaida, ajiye maganar akuya. Na'urarku ba ta amsa ni."

"Ta yi hankali. Ni ma da na duba sunan mai kira da ban ɗauka ba."

"Kin kunna ta kuwa?"

"A'a, tsayawa na yi ina yi mata fifita. Na kunna mana! Ga ta can tana ta huci kamar kai in an sauke tuwo."

"To don Allah taimaka ki leƙa ɗakin, ki gaya mini abin da ke kan allo."

"Don Allah? Taimaka? Yau ni ake wa wannan ladabin? Buɗe muryar wayar Gwaggo ta ji. Gwaggo! Bawana ya shiryu!"

"Wane ne bawanki? Ni ɗan mace ne, ke 'yar namiji. Ko gaban alƙali aka je ni ne ubangidanki."

"Ubangida mai ƙafa ɗaya. To ranka ya daɗe, taso ka duba da kanka mana. Ba nisa. Ka biyo ta Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore da ɗingishi, kafin azumi ka iso."

"Dajin da kika baro danginki a kan bishiya? In kin je gida ki gaishe su."

"Za su ji. Kullum sai sun tambaye ni ina yayansu mai gyaran kwamfuta."

Inna Laraba, mahaifiyar Ukasha, tana daga bakin madafa tana jin su. Ta girgiza kai tana murmushi, ba ta ko ɗago daga waken ba.

Ukasha ya ji ƙarar silifas a kan siminti ta cikin wayar, sai ƙarar mukulli, sai gurnanin fankar na'ura.

"To ga ni a gabanta. Allo baƙi ƙirin, sai ɗan rubutu fari can a sama."

"Me ya ce?"

"Da Turanci ne. Wai ta duba ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Ukasha, me ka yi wa baiwar Allah nan? Jiya da ciwonta, amma tana tashi tana zama. Yau babban likita ya taɓa ta, ta cika."

"Ba ta cika ba. Barci take."

"Ni ce ma'aikaciyar asibiti, ni zan faɗi mai barci da wanda ya tafi. Gaya mini abin da ka yi mata, in san me zan faɗa wa danginta."

"Saurara ki ƙaru. Faifai biyu ne a cikinta. Babban shi ke riƙe da bayananku, ban taɓa shi ba. Ƙaramin shi ne na manhaja, shi na share na yanka uku."

"Wane faifan ka yanka mini?" Inna Laraba ta ɗago da sauri, ta duba wanda ke hannunta da waken a kai, ta waiga ta duba na rufin tukunya.

"Ba naki ba, Inna. Na cikin na'ura."

"Gwaggo, ki ƙirga kayanki dai," in ji Zubaida. "Mutum in ya zauna wuri ɗaya hannunsa ƙaiƙayi yake."

"Kashi ɗaya babba, na manhajar kanta," Ukasha ya ci gaba kamar bai ji ba. "Na biyu wurin da take sauke kaya in aiki ya yi mata yawa. Sai ɗan mitsitsi a farko, na butloda."

"Na wa? Buta?"

"Butloda, baƙauyiya. 'Yar ƙaramar manhaja ce. In an kunna na'ura ita ke fara farkawa, ta je ta taso babbar. In babu ita, babbar na nan lafiya lau, amma ba mai tashinta."

"Oho, na gane. Irin aikin da Gwaggo ke yi da ludayi a kanka kowace asuba."

"Ni ke tashin liman a unguwar nan."

"Da munshari. Amma tsaya, wai kai aka ba rabo? Kai? Wanda in Kaka ta ba mu rake ta ce ka raba mana, sai ka riƙe gindin ka miƙo mini ganye?"

"Tausayin haƙoranki nake. Lokacin bakinki duk giɓi ne, kamar katangar da ruwa ya ci."

"Giɓina ya cike. Kai rowar tana nan."

Ukasha ya buɗe baki zai rama, sai wani tunani ya faɗo masa. Na'ura ba ta san faifai da suna na dindindin ba. Wanda ta fara gani in ta farka shi take kira na ɗaya, na bayansa na biyu. Yau da safe kuwa akwai baƙo a jikinta, filash ɗin nan. In baƙon ya shige gaba, duk sunayen sun gurgusa. Ya tuna sarai lokacin da sabuwar manhajar ta tambaye shi inda za a ajiye butloda, ya ce a kan na ɗaya, yadda ya saba. Abin da ya kasa tunawa shi ne ɗazu, wajen sharewa da yankawa. Ya tsaya ya duba girman faifan kafin ya danna, ko hannu ne kawai ya bi sabo? A daidai lokacin ne ƙafar ta motsa masa, ya juya yana gyara matashi.

"Zubaida, ina filash ɗin?"

"Wane filash?"

"Wanda kika zare."

"Au, wannan ɗan abin? Ai ka ce an gama da shi. Habu ya zo wucewa zai yi Saminaka, na ba shi, na ce in ya juyo jibi ya miƙa maka."

Ukasha ya manta da ɗori. Ya yunƙura zai miƙe, zafi ya harbe shi daga idon sawu har ƙeya, ya saki ƙara ya koma ya zauna daɓas. Inna Laraba ta ajiye wake ta taso tana salati. A cikin waya kuwa Zubaida dariya take har da tari.

"Wayyo cikina! Zauna, gurgu, zauna! Yana aljihuna. Wa zai ba Habu amanar abin da bai kai ɗan yatsa ba? Mutumin da ya taɓa manta fasinja a gidan mai?"

Ukasha ya sunkuyar da kai. Yana riƙe da gwiwa, gumi na tsattsafo masa a goshi.

"Ukasha?"

Ya share gumin da bayan hannu.

"Kai, ba ka rama ba. Lafiya?"

"Zubaida, akwai yiwuwar ba ƙaramin faifan na share ba."

"Ban gane ba."

"Filash ɗin ya rikita sunayen. In Allah ya taimake ni, butloda ce kawai ta tafi kan filash, kika zare ta tare da shi, shi ya sa na'urar ta rasa mai tashinta. In kuwa ɗayan ne, to babban na yanka. Na bayananku."

"Amma ai kana kwafewa kana ajiyewa a wurinka. Kai ka ce mana."

"Wanda ke hannuna cikakke tun kafin damina ta kankama ne. Kin san sabis ɗinku in hadari ya taso. Na fara kwafar sabo da safe, ya yanke a tsakiya. Na ce ai ba zan taɓa babban ba, na wuce."

 Fankar na'ura kawai Ukasha ke ji. Da ta yi magana, muryar ba ta taubashiya ba ce, ta wurin aiki ce.

"Akwai matan ruga da ke zuwa gobe. Rabinsu katinsu ya jiƙe ko ya ɓata wajen tashi, abin da muka sani game da cikinsu yana cikin na'urar nan kaɗai. Akwai Hasana, wata tara, jininta hawa yake yana sauka, likitan da ke zuwa mana gobe ya ce sai ya ga yadda ya yi ta tafiya tun farko kafin ya yanke ko a tura ta babban asibiti. Ni ba zan iya kawo masa wannan da ka ba."

"Na sani."

"To me zan yi? Faɗi, ina ji."

"Kashe ta. Mayar da filash ɗin ramin da kika zare shi. Ki kunna."

Ya ji ƙarar madanni, gurnanin ya mutu. Ya ji ta ce bismillah a hankali. Gurnani ya dawo. Inna Laraba ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu, ba ta san abin da ake yanka ko ake rabawa ba, amma ta ga fuskar ɗanta, sai ta shiga jan hasbunallahu a ƙasan maƙoshi.

"Baƙi ne har yanzu," in ji Zubaida. "Tsaya. Ga rubutu. Ga wani. Kai, yana ta gudu kamar tururuwa, fari da kore."

"Bar shi ya gudu."

"Ya tsaya. Wai in sa suna da kalmar sirri."

"Kada ki taɓa komai."

Ukasha ya ƙwanƙwasa daga kwamfutarsa. Karo na farko shiru. Karo na biyu na'urar ta amsa. Ya shiga, ya yi kuskure har sai da ya sake rubuta umarnin, ya ce ta jero masa faya-fayanta da girmansu. Ga filash a sama ya hakimce a matsayin na ɗaya. Ga ƙaramin faifai, an yanka shi uku cif yadda ya tsara. Ga babban a ƙasa, dunƙule guda, ko ƙwarzane babu.

Ya saki wani dogon numfashi, ya jingina da ginshiƙin rumfa, ya rufe ido.

"Alhamdu lillahi. Inna, alhamdu lillahi. Zubaida, yana nan."

"Kada ka gaya mini, nuna mini."

Ya haɗa babban faifan da sabuwar manhaja, ya tada shirin asibitin, ya ce ta je kwamfutar teburin karɓar marasa lafiya ta nemo wanda take so. Silifas suka sake ƙara, wannan karon da gudu. Ya ji tana danne-danne.

"Hasana... ga ta. Ga awon farko. Ga na watan jiya. Ga wanda na sa jiya da yamma da hannuna." Ta yi ajiyar zuciya mai ƙarfi, har wayar ta yi shuu. "Allah na gode maka. Kai, Allah na gode maka."

Inna Laraba ta shafa fuska, ta koma wurin wakenta tana cewa yaran zamani sai su tsinka wa mutum hanji a kan abin da ko gani ba a yi.



"To," in ji Zubaida, murya ta dawo daidai. "Yanzu sai a yi maganar wanda ya gyara."

"Wa ya gyara in ba ni ba?"

"Kai ka kashe, ni na tayar. Da hannun nan nawa mai albarka na soka filash. Na'urar tana jin hannuna ta ce, Anti Zubaida ce? Bari in tashi."

"Ni na ce ki soka!"

"Ai ko mara lafiya yana cewa a yi masa allura, amma ba shi ake kira likita ba."

"Ke ba ki san komai ba. Duk da gangan na yi. Gwada ki nake, in ga ko za a iya barin ki da na'ura."

"Da gangan? Shi ya sa na ji ƙararka har Doguwa ba ta waya ba? Tsuntsaye sun tashi daga kan bishiyar asibiti. Maigadi ya leƙo ya ce wa ke naƙuda."

"Ƙafa ce ta motsa."

"Ɗazu muryarka kamar ɗan akuyar da aka raba da uwarsa. Zubaida, akwai yiwuwar... Zubaida, na shiga uku... Kaico, da na sani na naɗa, in sa a bikin sunan 'yar Anti Shamsiyya kowa ya ji."

"Ban ce na shiga uku ba."

"Zuciyarka ta ce, na ji ta."

"Ke kuma da kika ce faɗi ina ji? Yau na ga ranar da Zubaida ta bi umarnina. Inna shaida ce."

"Ni ban ji komai ba," in ji Inna Laraba. "Wake nake gyarawa. Abin da na sani, 'yar ɗan'uwana ta fitar da kai kunya."

"Inna! Ni kika haifa fa."

"Shi ya sa na san halinka."

Zubaida ta rangaɗa guɗa a cikin waya. Ukasha ya yi dariya har ƙafar ta sake tuna masa da kanta.

"To injiniyar ƙarya, ba a gama ba. Koma ɗakin. Yanzu na'urar nan da filash take numfashi. Duk ranar da mai shara ta zare shi, mun koma gidan jiya. Sai na mayar da butloda wurinta."

"Za ka sake taɓa ta? Gwaggo, riƙe masa hannu!"

"Wannan karon ba da na ɗaya ko na biyu zan kira faifan ba. Kowane faifai yana da doguwar lambarsa da aka ƙera shi da ita, ba ta canzawa ko baƙi nawa suka shigo. Da ita zan kira shi."

"Da can ina lambar take? Ta tafi kiwo?"

"Tana nan."

"Kai ne dai ka tafi kiwo."

Bai musa ba. Kafin ya taɓa komai sai da ya sake tada kwafar bayanan, ya zauna yana kallonta tana tafiya a hankali, Zubaida na ba shi labarin ranar da masu rigakafi suka zo Burumburum ya shige rumbun Kaka ya ɓuya, aka yi ta nemansa har bakin rafi, sai atishawa ta tona shi. Ya ce ƙarya ne, ɓera ya bi. Ta ce ɓeran ne ya fito yana kuka da majina? Ta ce in ya zo Doguwa da ƙafar nan, akwai wata allura da ta ajiye masa musamman, irin wadda ake yi wa bijimai. Ya ce ko ƙafar za ta guntule ba zai kawo ta asibitin da aka ɗauki biri aiki ba. Sabis ya yi musu kirki ranar, kwafar ta kai ƙarshe ba ta yanke ba.

Sannan ya karanta lambar ƙaramin faifan, ya sake karantawa, ya sa Zubaida ta karanto masa daga allon can, ta karanto tana jan kowane harafi kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya. Ya dasa butloda a ɗan mitsitsin kashin da ya tanadar mata tun farko. Ya gaya wa na'urar daga yau nan za ta fara dubawa in ta farka.

"Kashe. Zare filash. Kunna."

"Ka tabbata? In ta sake mutuwa ni ba ruwana, zan ce wa shugaban asibiti wani gurgu ne daga Kafin Maiyaki ya yi mata asiri ta waya."

"Kunna dai."

Gurnani ya mutu, ya dawo. Ukasha ya ƙura wa allonsa ido. 

"Inna lillahi," in ji Zubaida a hankali. "Ukasha, baƙi ƙirin. Har hayaƙi nake gani."

"Ƙarya kike yi! Ga ta nan ta yi mini sallama."

"Kash. Na so ka sake yin ƙarar nan, maigadi bai ji da kyau ba."

"Allah ya shirye ki."

"Amin, tare da mai rabon rake."

Ya sa ta kashe ta kunna har sau biyu don zuciyarsa ta kwanta. Kowane karo na'urar ta tashi da kanta, ba filash, ba lallashi. Ya miƙe hannuwa sama ya yi miƙa, ya ji yunwar da ya manta da ita tun safe ta taso masa gaba ɗaya.

"Saura abu ɗaya in rufe," ya ce. "Ɗazu cikin sauri ban sa mata suna ba. Kowace sabar da nake kula da ita tana da sunan da nake ganinta da shi a nan. Zan sa mata Doguwa-ɗaya."

"Doguwa-ɗaya? Sai ka ce motar haya? A'a wallahi. Wa ya karɓi haihuwar nan?"

"Zubaida..."

"Wa ya tsaya a kanta tana baƙi ƙirin, uban yana can yana kuka a kan tabarma? A asibitin nan in na karɓi haihuwa mai wuya, sunana ake sa wa jaririya. Akwai Zubaida ƙanana a rugagen nan sun fi a ƙirga. Sa mata sunana."

"Na'ura ce fa."

"Gwaggo, ki sa baki."

"Sa mata," in ji Inna Laraba. "Sunan kakarku ne ma, ba ka isa ka ƙi shi ba."

Ukasha ya dubi allon, ya dubi mahaifiyarsa, ya yi murmushin mugunta. Ya rubuta harafi bayan harafi, yana faɗa da ƙarfi don ta ji, ya danna.

"Shi ke nan. An raɗa. Sunanta Zubaida, Allah ya raya."

"Amin! Ka ga yanzu ka yi hankali."

"Sosai. Daga yau in shugabanku ya kira ni, sai in ce, ranka ya daɗe, Zubaida ce ta ƙi tashi. Zubaida ta cika ci, ta cinye wuta. Zubaida ta yi zafi, a watsa mata iska. Zubaida ta tsufa, a kawo sabuwa."

Sai dariya ta ɓarke a cikin wayar, irin wadda mutum ke neman bango ya dafa.

"Allah ya isa, Ukasha! Cire! Cire sunan nan yanzu!"

"An riga an shafa fatiha. Inna shaida ce."

"Wannan kam na ji," in ji Inna Laraba.

"To na yarda, ka ci wannan," Zubaida ta ce tana share hawaye, ana jin sheshsheƙar dariyar a muryarta. "Amma ba a raɗa suna a bushe. Ina ragon?"

Ukasha ya waiga tsakar gida. Jan zakaran Inna na can yana tono a gindin turmi, bai san ana shirya masa tafiya ba.

"Rago sai na warke. Amma akwai wani jan zakara a nan, gobe da safe zan ba Habu ya kawo wa mai jego."

"Zakaran wa?" Inna Laraba ta ajiye faifan wake.

"Na gode, Gwaggo!" Zubaida ta yi maza ta faɗa. "Allah ya ƙara arziki! A ɗaure masa ƙafa da kyau, irin ɗaurin ɗanki."

Ta kashe wayar kafin kowa ya ba ta amsa. Inna Laraba ta dubi zakaran, ta dubi ɗanta da ke ta ƙyaƙyata dariya yana riƙe da gwiwa, ta yi tsaki, ita ma dariyar ta ƙwace mata.

"Ku biyun nan," ta ce, "ku kuka yi ɓarnarku, ku kuka gyara, zakarana ne ya biya. Matsa in kawo maka abinci."